Kafin a Ce "Ina Takardarki?"

'Ya'yana da ƙannena na Gwammaja da unguwannin da ke kewaye da Dala, maza da mata, na san ba a so dattijo ya buɗe baki da zancen mutuwar aure a gaban waɗanda wasunsu ko lefe ba a kai musu ba. Ku yi mini haƙuri. Garin nan kun san shi kamar yadda na san shi. Da wuya a sami layin da babu bazawara a cikinsa, ko yaron da ke tashi a hannun kaka saboda iyaye sun rabu. Allah Ya zaunar da ku lafiya a gidajenku. Amma in ƙaddara ta faɗa wa ɗayanku, ko ta riga ta faɗa wa iyayensa, akwai wata takarda da za a nema wata rana, kuma yawanci ana tashi nemanta ne a lokacin da samunta ya fi wuya.

Ku duba yadda muke yi. Ranar ɗaurin aure an cika ƙofar masallaci, waliyyi da wakili sun zauna gaban liman, an faɗi sadaki da ƙarfi kowa ya ji, sanƙira ya maimaita, masu waya sun ɗauka. Ko zannuwan lefe sai da aka ƙirga su a gaban mata. Ranar rabuwa kuwa daga shi sai ita a ɗaki, da dare, rai a ɓace. Ya yago falle ɗaya daga littafin makarantar yaro, ya rubuta layi biyu, shi wane ya saki matarsa wance. Wani ya tuna ya sa saki nawa ne, wani bai sa ba. Kwanan wata kuwa sai wanda Allah Ya nufa. Ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a jaka, da safe ta miƙa wa mahaifinta, ya karanta ya yi salati, ya sa a aljihun gaban riga, daga nan ta koma tsakanin shafukan wani littafi a kan kanta. Shekaru sun ja, mahaifin ya rasu, an raba littattafansa. Wa ya san inda ta shiga? Yanzu ma an ƙara rage wa abin nauyi, ya koma saƙon waya ko muryar WhatsApp, wayar kuma ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya yi gaba da ita.

Don haka abu na farko da nake so ku riƙe shi ne, ba kowane saki ne yake da kundi a kotu ba. Na sha ganin saurayi ya tashi da zafinsa zai je kotu ya karɓo shaidar rabuwar iyayensa, alhali iyayen nan ko ƙofar alƙali ba su taɓa takawa ba. A Amurka aure ba ya mutuwa sai a gaban kotu, kuma kowace gunduma tana da magatakardan da ke riƙe da kundin. Tunisiya ta hana saki a wajen kotu tun 1956, Maroko ta sa shi ƙarƙashin idon alƙali a dokar iyalinta ta 2004. Mu a Kano miji yana saki da bakinsa ko da alƙalaminsa, sakin ya auku, hukuma ba ta sani ba. Sarki Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar dokar iyali a 2017, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ra'ayina dai, rubuta saki a wurin hukuma bai rage wa addini komai ba, sai ma kare shi da yake yi. Kafin manya su daidaita, nauyin yana wuyanku.

Za ku ce mene ne abin damuwa, tunda kowa a unguwa ya san sun rabu? Unguwa ta san sun rabu, amma ba ta riƙe ranar ba, ranar kuwa ita ce komai.

Daga ranar ake fara ƙirga idda: tsarki uku ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ba ta gani, haihuwa ga mai ciki. Ku ɗauka mutum ya yi wa matarsa saki ɗaya, bayan ɗan lokaci ya faɗi ya mutu. In tana cikin idda, matarsa ce a wajen gado. Tana da rabonta a cikin tumunin da matan mamaci ke rabawa in ya bar 'ya'ya, ko rubu'i in bai bari ba, kuma za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. In iddar ta cika kafin ya mutu, ba ta da komai, sai fa in a cikin ciwon ajali ya sake ta, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya wannan ba ya hana ta gado. To ku ƙaddara gidan da za a raba yana bakin titi a Gwammaja, ƙasansa shaguna ne. Kishiya da 'ya'yanta za su rantse tun kafin azumi aka yi sakin, ita da danginta za su ce bayan babbar salla ne. Falle ɗaya mai kwanan wata da sa hannun shaidu zai kashe wannan rigimar a zama ɗaya. In babu shi, 'yan uba za su shekara suna hawa da sauka a matakalar kotu, su fito ba sa ga maciji.

Haka zancen sabon aure. Auren da aka ɗaura a cikin idda ɓatacce ne, har akwai surorin da in an tare a cikinta matar ke haramta ga mutumin har abada. Haka zancen nasaba, domin jaririn da aka haifa ƙasa da wata shida da sabon aure ba a jingina shi ga sabon miji. Sai kuma lissafin igiya. Ma'aurata sun rabu sun koma, sun rabu sun koma, a karo na gaba shi ya ce biyu ne, ita ta ce uku ne, iyaye su rasa na kamawa. Akwai wanda ma sai ya ji an sa wa tsohuwar matarsa rana sannan ya ɓullo, ya ce ai shi ya yi kome tun tana idda, bai dai faɗa wa kowa ba. Shari'a ba ta karɓar irin wannan da'awar bayan idda ta fita sai da hujja, amma kafin a gama tantancewa an ɗaga biki, an zubar wa yarinya da mutunci, manemin kirki ya ja da baya.

Kai ɗana, in har abin ya kai ka ga rabuwa, kada ka ƙara mata zalunci da takardar banza. Rubuta cikakken sunanka da nata, da sunan mahaifinta, ka faɗi saki nawa ne kuma na nawa ne a zamanku, ka sa kwanan wata na Hijira da na boko, ka sa hannu, ka kira dattawa biyu masu mutunci su sa nasu. Aya ta biyu a Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni da kafa shaidu biyu adalai. Malamanmu da dama sun ɗauke shi a kan mustahabbi, amma ban ga dalilin da zai sa mai hankali ya bar shi ba. In ka yi kome, shi ma ka kafa shaidu, ka sanar da waliyyinta a ranar.

Ke kuma 'yata, in abin da ke hannunki fallen nan ne kawai, ko saƙon waya, ki sani ƙarfinsa yana nan ne muddin mijin bai musa ba. Ranar da ya ce ba rubutunsa ba ne, sai kin nemo masu shaida. Hanyar da ta fi ita ce ku je kotun shari'ar Musulunci ke da waliyyinki tun abin yana da ɗumi, ki nemi a tabbatar miki da sakin. Za a aika masa sammaci, alƙali ya tambaye shi, in ya amsa a rubuta iƙirarinsa a kundi da ranar da ya yi sakin. A wannan zaman ne kuma ake iya tsayar da maganar ciyarwar idda, da riƙon 'ya'ya, da abin da zai riƙa ba su, da kayan ɗakinki in an riƙe. Za a ce miki, "'Yar mutunci ba ta zuwa kotu, kada ki tona mana asiri." Masu faɗin haka ba za su kasance a wurin ba ranar da za a ce miki ina takardarki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada ki haɗa kotu da Hisba. Hukumar Hisba, wadda dokar jiha ta kafa a 2003, tana yin sulhu tsakanin ma'aurata, ta kuma raba rigingimu masu yawa kafin su yi nisa. In an rubuta muku yarjejeniya a can, ki adana, za ta yi amfani. Amma takardar sulhu daban, hukuncin alƙali daban. Haka takardar mai unguwa. Shaida ce mai kyau, ba ta kai hukunci ba.

Yanzu ga wanda aurensa ya mutu a gaban alƙali, ko ta hanyar kul'i inda mace ta fanshi kanta, ko alƙali ya raba saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko miji ya yi tafiya ya bar ta ba labari. Wannan yana da kundi, sai dai kundin ba ya zuwa gida da ƙafarsa. Mata da yawa da zarar alƙali ya furta hukunci sai su ja mayafi su fice, ko waiwaye ba sa son yi. Na fahimci wannan. Amma kafin ki fita daga harabar, ki tsaya wurin rajistara ki rubuta abu uku a takarda: cikakken sunan kotun, lambar ƙarar, da ranar hukunci. Na ce cikakken suna ne saboda cewa "kotun Ƙofar Kudu" kawai bai isa ba, a wuri ɗaya ana iya samun kotu fiye da ɗaya, kowace da lambarta da kundinta, ga kuma bambancin ƙaramar kotu da babba. Mutumin Gwammaja ƙararsa tana iya kasancewa a Goron Dutse, ko Rijiyar Lemo, ko Shahuci, gwargwadon inda ma'auratan suka zauna da inda aka shigar da ita. Lambar ƙara kuwa gajeruwa ce, haruffa biyu ne da lamba da shekara, amma da ita ake ajiye fayil, ba da sunan mutum ba.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin ajiyar kotu ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Na taɓa raka wata 'yar uwa neman hukuncin da aka yi mata shekaru da dama da suka wuce. Ɗaki ne ƙarami, fayiloli an ɗaure su dami-dami da igiya tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane dami an rubuta shekararsa a jikin kwali, na ƙasan sun sha danshin damina, gefen wasu gara ta taɓa. Ma'aikacin ya tambaye ta lamba, ba ta da ita. Ya tambayi shekara, ta ce shekarar da ta yaye ɗanta na biyu. Muka zauna muna lissafi da shekarun yaron har muka tsayar da shekara biyu da muke zato. Ya ɗauko manyan littattafan rajistar shekarun, masu baƙin bango, ya riƙa bin layi da yatsa yana karanto sunaye. A'isha da Fatima da Hauwa sun cika kowane shafi. Abin da ya cece mu shi ne ta tuna sunan alƙalin da ya yi shari'ar, ta kuma tuna an rubuta mijin da sunansa na yanka, ba laƙabin kasuwa da kowa ya san shi da shi ba. Da lamba a hannunta, da aikin bai wuce na ɗan lokaci ba.

Abin da za ku nema iri biyu ne. Akwai gajeruwar takardar shaidar rabuwar aure, wadda ita liman ko sabon manemi ko ofis ke son gani. Akwai kuma kwafin shari'a, wato duk abin da aka faɗa a zaman kotu da hukuncin da dalilansa. Ku nemi duka biyun. Kwafin shari'a shi ne zai nuna nawa aka yanke na kul'i, an biya ko ba a biya ba, wa aka bai wa riƙon yara, nawa aka ɗora wa uba. In kin biya kuɗin kul'i, ki biya ta hannun kotu, ki tabbata an shigar a kundi an ba ki rasit. Wanda kuma bai gamsu da hukunci ba, alƙali yakan faɗa masa yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, kuma da kwafin nan ake tafiya kotun sama. Wanda ya yi sanya wajen nemansa, kwanakinsa ne ke ƙonewa.

Ana rubuta takardar neman tabbataccen kwafi ne zuwa ga rajistaran kotun, a faɗi ko kai wane ne a cikin shari'ar da dalilin nema. Masu shari'ar da lauyoyinsu su ne a gaba, magaji kuma sai ya nuna alaƙarsa. Hoton takarda da aka buga a shagon bakin titi ba shi ne ake nufi da tabbataccen kwafi ba. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya faɗi abin da ake bukata: a biya kuɗin da doka ta tsara, jami'in da ke riƙe da asalin ya rubuta a ƙasan kwafin cewa daidai yake da na asali, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi in ofishinsa na da shi. Wannan ma'aunin ne babbar kotun jiha ke dubawa, kuma shi ofisoshi ke bi. Kafin ki bar gaban tebur, ki karanta. In a katin ɗan ƙasa sunanki Hauwa'u Muhammad, a takardar kotu kuma an rubuta Kulu Mamman, a gida mutum ɗaya ce, a ofishin biza mutum biyu ne. Gyara shi a ranar abu ne mai sauƙi.

A bakin kowace kotu akwai masu tare mutum da fara'a, "Hajiya, me ake nema? Kawo in shigar miki." Wasunsu masu rubuta takardu ne na gaskiya, wasu 'yan kamasho ne. Ki wuce su ki shiga ofis da ƙafarki, duk abin da kika biya ki karɓi rasit. Wanda ya ce zai haɗo miki takardar saki da hatimi ba tare da an buɗe kundi ba, jabu zai ba ki. Jabu laifi ne a doka, sannan auren da aka gina a kansa alhali igiyar wani ba ta tsinke ba, ku da kanku kun san sunansa. In abin ya fi ƙarfinki, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, duka suna aiki a Kano, a je a nemi shawara.

Wanda ke neman tsohon hukunci, na iyaye ko na kakanni, sai ya san ɗan tarihi, don kotunan sun sha canza suna da uban gida. A zamanin En'e kotunan alƙalai ne da majalisar sarki. Kasancewarsu a hannun sarakuna na cikin abin da jam'iyyar NEPU ta daɗe tana kuka da shi, kuma ba sai na gaya wa ɗan Gwammaja wane ne jagoranta Malam Aminu Kano ba, ga gidan Mambayya nan kuna wucewa ta gabansa kullum. A 1968 aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. A 1991 aka cire Jigawa, don haka in a Haɗeja ko Gumel ko Kazaure aka raba auren, can za ka nufa, ba Kano ba. A 2000, da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka kafa kotunan shari'a da muke da su yanzu. In ka je ka tarar kotun ta tashi ko an haɗe ta da wata, ka rubuta wa Babban Magatakardan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, a nuna maka inda kundinta ya koma. Abin da ya kai zamanin Turawa kuwa ya zama kayan tarihi, sai a gwada Gidan Ɗan Hausa ko ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a kuma tafi da mai karanta Larabci, don da shi aka rubuta na farkon. Wani masani, Allan Christelow, ya fassara shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914 ya buga su littafi a 1994. Abin yana ba ni mamaki, maganar da talaka ya yi a gaban sarki fiye da shekara ɗari tana nan a rubuce, mu kuwa sakin bara ya gagare mu tabbatarwa.

In an bincika an rasa fa? Yana faruwa. Mutane sukan ruga su yi takardar rantsuwa, amma ita maganarka ce ka rantse a kanta, ba hukunci ba ce, kuma mai jayayya zai iya yin tasa. Abin da ya fi shi ne a nemi kotun ta ba da wasiƙar cewa an nema ba a samu ba, sannan a kawo waɗanda suka halarta, in suna raye, a sake tabbatar da maganar gaban alƙali. Shi ya sa nake ce wa samari masu iyaye rabaɓɓu, ku zauna da kawunanku da gwaggonninku yanzu, cikin ladabi, ku ji yaushe aka yi, a ina, gaban wa. Ka fara da mahaifiyarka, kada ta ji a bakin wani cewa kana tono mata tsohon ciwo.

A taƙaice ga 'yan kaɗan da suka yi auren rajista a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya: wannan babbar kotun jiha ce kaɗai ke warware shi, bisa dokar 1970, kuma hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake zama na dindindin. Takardar ƙarshen ita ce shaida. Mai fita waje kuma, aure ko aiki ko bin miji, ta tambayi ofishin jakadancin ƙasar abin da suke so tun da wuri. Kundin kotunan shari'armu da Hausa ake rubuta shi, za a bukaci fassara zuwa Larabci ko Turanci, sau da yawa kuma sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga nata hatimin.

In takardar ta shigo hannu, kada a ɗora ta a Facebook ko TikTok don huce haushi. A cikin kwafin shari'a akwai maganganun da aka faɗa cikin fushi, da sirrin shimfiɗa, da sunayen yara waɗanda za su girma su iya karatu. A ɗauki hotonta a aika wa adireshin imel, don waya tana ɓata. A karɓi tabbataccen kwafi biyu, ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin waliyyinki ko wani amintacce da ba gida ɗaya kuke ba. A sa ta a jakar leda mai zif saboda damina, amma kada a kai ta a manne ta da roba, domin akwai ofisoshin da ba sa karɓar takardar da ba za su iya taɓa hatiminta ba, kuma in ana bukatar ƙarin hatimi babu inda za a buga shi.